Sanyin da Za Ki Kai Rugar Ardo Dikko

Gwandu, ranar Laraba bayan Azahar.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka Kalgo lafiya, kin sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare min ke a zaune da tafe, ya kare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin baki, ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, na ce mata takardar ba ta abinci ba ce, ta ce to ta mece ce, na ce ta batir ce. Kallon da ta yi min kin san shi.

Ranar da za ki tafi na so in zaunar da ke in faɗa miki abin da ke cikin takardar nan. Sai na ɓuge da gyara igiyar da aka ɗaure katifarki, alhali igiyar lafiyarta lau. Sunan mahaifiyata gare ki, bakina ba ya iya kiran sunan, balle ya yi miki doguwar nasiha ido da ido. Shi ya sa na ɗauki biro. In kin ga rubutun manya-manya yana hawa yana gangara, yanar idon nan ce, ki yi haƙuri da shi.

Ina rubuto miki daga cikin tsohuwar jif ɗin nan da ke ƙarƙashin darbejiya, wadda kaji suka gaje. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, amma kujerar direba tana nan da ramin da jikina ya yi mata. Kullum bayan Azahar nakan shigo in jingina, iska ta riƙa shigowa ta inda gilashi yake a da. Da gyangyaɗi ya ɗauke ni sai motar ta tashi ba makulli. In ga hanyar Dalijan ta miƙe fara tas, gawo na wucewa ɗaya bayan ɗaya, balbelu na tashi gaban mota ba sa sauri, ni ma ba na sauri. A bayana kuma ina jin ƙugin farin akwatin nan, firjin allurar shanu, yana yi a hankali kamar mage ta sami cinya. Muddin ina jin ƙugin, mafarkin daɗi gare shi. Wani lokaci sai ya ɗauke, in farka in tarar kaza ce kawai ke kallona.

Yanzu ke za ki zauna kusa da irin wannan akwati. Kin yi karatun lafiyar dabbobi, kin san allura da cututtuka fiye da yadda zan taɓa sani, ba zan sa baki a nan ba. Ni abin da na sani shi ne abin da ke riƙe sanyin akwatin daga gari zuwa daji, wato batir na biyu. Shekarun da na yi ina tuƙa Malam Altine, malamin dabbobi, Allah ya jiƙansa, a kan batirin nan na yi su. Kuma kin ce min fitarku ta farko za ta kai ku rugar Ardo Dikko, can bayan Kalgo wajen fadama. Ardo Dikko ya daɗe bai tara wa wata mota shanu ba, tun wata shekara da zan ba ki labarinta. Bana ya yarda zai tara, don ya ji ke ce. In kika isa masa da sanyi, an gyara abin da ya ɓaci. In kika isa da ɗumi, ba na jin zai sake tarawa har ya koma ga Allah.

Bari in fara daga wautata ta farko, tun kina goye.

Motar daji irin taku batir biyu gare ta. Na gaba aikinsa ɗaya, ya tada inji. Na baya shi ke ciyar da akwati idan an kashe mota. In inji na aiki, altaneta ce ke cika su duka. Ni kuwa da aka kawo mana akwati sabo, sai na ga ai abin ba wuya. Na samo kebur na haɗa batir da batir kai tsaye, na koma gefe ina kallon aikina ina jin kaina wani babban rewaya, mai gyaran wutar mota. Muka tafi Dalijan ranar Juma'a. Muka yi aikin safe, muka yi salla, aka kawo tuwo, hira ta yi daɗi a gindin wata tsamiya har inuwa ta juya. Duk wannan lokaci akwati na shan wuta, kuma tunda na haɗe su, daga batiran biyu yake sha. Da na zo na murɗa makulli sai motar ta yi wani ɗan tari, ta yi shiru.

Wani dattijo da ke kan buzu ya leƙo ya ce, "Direba, mi yas samu dokin naka?"

Na ce, "Barci yakai, Baba."

Ya ce, "To ku ɗaura shi ga shanu, su sun san tada mai barci."

Haka aka yi. Aka kawo bijimai biyu na huɗa suka ja mu zuwa kan gangare, mutanen gari suka tura, motar ta tashi da baƙin hayaƙi. Mun zo yi wa shanu allura, shanu suka yi mana taimako. Malam Altine ya ce, "Sani, in munka koma gida kak ka hwaɗa ma kowa." Kafin mu shiga Gwandu labarin ya riga mu, har mai shayin tasha yana tambayata ko bijiman suna shan fetur.

To Uwata, batiran nan biyu su haɗu idan inji na aiki, su rabu idan ya tsaya. Akwai 'yar na'ura da ke wannan aiki, rile ake ce mata. Idan an tada mota, jim kaɗan za ki ji ta yi ƙyas, ta haɗa su. Idan an kashe ta sake yin ƙyas, ta raba. Ki koyi jin wannan ƙara. Na baya ya ƙare in zai ƙare, amma na gaba ya zauna da ƙarfinsa, don shi zai fitar da ku daga daji, kuma shi zai tada injin da zai sake cika ɗan'uwansa.

Na san direbanku ya girme ki, kuma direba ba ya son yarinya ta koya masa mota. Ni ma da ban so ba. Kada ki ce masa ya duba kaza. Ki ce, "Kawu, don Allah nuna min inda rile take, Babana ya cika ni da zancenta." Ki ɗora laifin a kaina, na saba. Mu direbobi muna son a tambaye mu, zai buɗe miki bonet yana murmushi. In ya nuna miki, kin huta. In ya tsaya yana sosa ƙeya, kin san kafin ku bar Kalgo sai motar ta ga rewaya.

Wautata ta biyu rowa ce ta jawo ta. Bayan na sa rile, sai na ja kebur daga gaba zuwa baya inda batir na biyu yake zaune kusa da akwati. Mai kauri ya yi min tsada, na ɗauki siriri irin na fitilar ɗaki, na ce ai wuta ba ta da jiki, ko ta ina za ta bi. Sai mu wuni muna tafiya, batirin baya bai cika ba. Na zagi batir, na zagi wanda ya sayar min, na canja wani, duk ɗaya. Ashe a hanya wutar ke zubewa, tana zama zafi a jikin kebur. Wata rana da rani muna ratsa busasshiyar ciyawa wajen Maruda, na ji ƙaurin roba. Na waiwaya na ga hayaƙi siriri na fitowa daga ƙarƙashin kujera. Gargada ta sa ƙarfen mota ya ci rigar kebur, ga shi ban sa fis mai yanke wuta ba. Da hulata na damƙe shi na fizge. Sabuwar hula ce, Innarki ta yi wata da watanni tana ɗinka ta. Har yau in muka yi faɗa sai hular nan ta fito.

Don haka ki durƙusa ki duba da idonki. Kebur ɗin da ke zuwa baya ya kai kaurin ɗan ƙaramin yatsanki. A sa fis a bakin kowane batir, ba ɗaya kawai ba. Inda ya ratsa ƙarfe a naɗe shi da roba. In kun yi tafiya kun tsaya, ki taɓa shi, in ya yi zafin da hannu zai ƙi, akwai magana. Ki girgiza kan batir ki ji ko ya saki, domin hanyar daji ba abin da ba ta kwancewa, har haƙorin mutum. Batirin kuma a ɗaure shi tamau, kada ya riƙa rawa a bayan mota, kada kuma a jibga masa kaya ya rasa iska.

Akwai wani abu da ban sani ba sai da na kusa ajiye tuƙi. Motocin yanzu wayon marowaci gare su. Da batirin gaba ya ƙoshi sai altaneta ta janye hannu, na baya ya zauna da rabin ciki, kina tsammanin yana cika. Irin waɗannan sai an sa musu wata 'yar caja tsakanin batiran biyu, ita ke jawo wutar ta cika na baya yadda ya kamata. Ki tambaya ko taku tana da ita. Sannan gajeriyar tafiya ba ta cika batir, barin mota tana silo, wato inji na aiki tana tsaye, shi ma kaɗan yake ƙarawa. In akwai wuta a Kalgo, a cika shi a gida kafin a fita. Mitar auna batir kuma tana ƙarya idan an kashe inji yanzu-yanzu, za ta nuna miki ya cika fal. Ki bar shi ya huta kamar tsawon cin abinci da salla, sannan ki auna. In ya tsaya sama da sha biyu da rabi, alhamdu lillahi. In yana gangarowa sha biyu, kada ki yarda da shi.

Na tsaya nan na ɗan rufe ido, don rubutun yana sa su ruwa. Har na fara gangarawa fadama, shinkafa kore shar hagu da dama, wani masunci a tsaye cikin kwalekwale bai motsa ba har na wuce. Kiran La'asar ya dawo da ni. Yanzu na yi salla, bari in shiga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kin san Ardo Dikko aminina ne tun kafin a haife ki. Lokacin rugarsu tana gabas da Maruda. Shi ke ce min Kaɗo, ni in ce masa mai gudun gari. Ranar sunanki ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya ce ya ba jaririya karsana, ja mai farin goshi, za ta zauna cikin garkensa tana haihuwa da sunanki. Kin taɓa ganinta sau ɗaya kina ƙarama, kika ɓuya bayan rigata.

Shekarar da nake faɗa miki kina firamare. Bazara ce, zafi har ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Aka yi da Ardo za mu iso da yamma mu kwana, da safe a yi wa shanu rigakafin ciwon huhu. Shi kuma ya aika wa 'yan'uwansa na nesa, kowa ya koro garkensa. Muka isa rana ta yi sanyi. Har yanzu ina ganin yammacin nan. Hayaƙin da ake yi wa shanu ya kwanta ƙasa-ƙasa, maruƙa na kuka a igiya, mata na wucewa da ƙore a ka ba sa ko riƙewa. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kindirmo mai sanyi da fura, na sha har na ji kunya. Malam Altine ya tafi wata ruga kusa duba saniyar da ta kasa tashi. Na bar inji na aiki don na san tafiyar gajeriya ce, batirin baya bai wuce rabi ba. Ardo ya ce, "Kaɗo, kashe ƙarfen ga, shanu za su shigo, ba su son ruri nai." Na kashe.

Can sai ga uwargidan Ardo da ƙwarya an rufe da faifai. Na ɗauka wani nonon ne, har na fara cewa na ƙoshi. Ta ajiye a gabana ta buɗe. Wayoyi ne cike da ƙwarya, na rugar da na baƙin da suka zo, waɗansu an ɗaure da kyauro, waɗansu da zare. Lokacin waya ba ta daɗe da shiga daji ba, caji kuwa sai an je gari ranar kasuwa.

Ardo ya ce, "Sun ce motakka na da wuta. Na ce musu motar Kaɗona ta, ba a tambaya."

Uwata, na san batirin rabi ne. Na san akwati zai kwana yana ja cikin wannan zafi. Duka na sani, ba wanda ya ruɗe ni. Amma kindirmon mutumin yana cikina, karsanarki tana cikin garkensa, ga baƙinsa sun zuba min ido, ya riga ya yi alfahari da ni a gabansu. Bakina ya kasa cewa a'a. Na ce, "Ku kawo." Na ciro inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, na jona a batirin baya, na ja soket mai baki da yawa. Da aka ga wayoyi sun kama, sai ga fitilu masu caji, sai ga rediyo, wani ma ya kawo abin aski. In an cire wannan a sa wancan. Kowa na sa min albarka, ni kuwa ina jin daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce a raina anjima zan tada mota in mayar da abin da aka sha. Hira ta ja, gajiya ta kwashe ni a kan tabarma.

Da na idar da sallar Asuba na nufi mota, tun daga nesa na ji abin da ya dame ni, wato ban ji komai ba. Akwatin yakan kashe kansa in wuta ta yi ƙasa, kuma ya daɗe da yin haka. Motar a rufe, zafin jiya bai fita ba. Malam Altine ya zo ya buɗe, ya sa hannu, ya daɗe bai fitar ba. Kwalaben suna nan jere, ruwansu bai canja kama ba, ba mai cewa wani abu ya same su.

Kafin nan shanu sun fara isowa. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, farare da jajaye, ƙaho bayan ƙaho har inda ido ya tsaya, balbelu na sauka a tsakaninsu. Mutane sun kwana suna tafiya da su. Ardo ya zo yana murmushi ya ce a fara.

Malam Altine ya ce, "Ardo, ba mu yin allura yau."

"Maganin ya ƙare?"

"Yana nan."

"Ya zube?"

"Bai zube ba. Sanyi nai ya hita. In na soka ma shanunku wanga, ruwa na soka musu, ku tahi kuna cewa an yi, alhali ba a yi ba."

Ardo ya dubi akwatin, ya dubi ƙwaryar wayoyi da ke kan bonet, kowace ta cika. Sannan ya dube ni. Ya juya ya tafi wajen 'yan'uwansa, na ga yana magana yana nuna gabas da sanda, garkuna suka fara juyawa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mun koma da sabon magani bayan kwanaki, amma ruwan farko ya sauka, kowa ya bi ciyawa, ba wanda zai sake koro shanu don motar da ta taɓa mayar da shi. Da damina ciwon huhu ya shigo yankin. Ardo ya yi asara mai yawa, 'yan'uwan da ya gayyato ma haka, kuma shi suka riƙa kallo. Jar saniyarki tana cikin waɗanda suka tafi, ta bar 'yar maraƙa. Wannan duk kin sani, garin nan ma ba wanda bai sani ba. Abin da ban taɓa zama na faɗa miki ba shi ne yadda abin yake a baki, lokacin da ƙwarya ke gabanka kana neman kalmar a'a ka rasa. Ardo bai yanke zumunci ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da ɗiyarsa, zancen allura kuwa bai ƙara fitowa daga bakinsa ba har suka tashi suka koma bayan Kalgo.

Na faɗa miki wannan ne don na san ki. Kunyata kika ɗauko, ba ki bar ko kaɗan ba. Ke ce kike ba da abincin makarantarki ki dawo kina cewa ba ki jin yunwa. Za a kawo miki ƙwarya, Uwata. Yanzu ma wayoyin sun fi na da yawa, sun fi cin wuta. Kuma ba zan ce ki hana ba, don wanda ya ba ki nono ya shimfiɗa miki tabarma bai cancanci a'a ba, ke ma ba za ki iya faɗinta ba.

Shi ya sa na haɗo takardar nan da abin da ke naɗe cikin tsohon zanen Innarki. Ƙaramin farantin sola ne, da 'yar na'urarsa da bakunan caji. Ba ruwansa da mota. Da kun sauka, kafin a kawo miki ruwa ma, ki fitar da shi ki miƙa wa uwargidan Ardo da hannu biyu. Ki ce, "Inna, ga wutar waya, Baba ya ce a kafa a rana." Kin riga su, kin ba da naki kafin a roƙa, ƙwarya za ta bi faranti can gefe. In wani ya matso kusa da batirin baya da waya a hannu, ki nuna masa faranti kina dariya. In za ku tafi ki bar musu shi, nasu ne.

In motarku tana da nata babban faranti na ciyar da batirin baya, to ga wautata ta ƙarshe, ki yi dariya. Da aka kawo mana shi, shekaru bayan abin da ya faru, a kan rufin mota na ɗaure shi. To wane direba ne zai ga inuwa ya ajiye mota a rana? Duk inda muka je sai in nemi gindin itace mafi duhu in shige, in fito ina mamakin abin da ya hana farantin aiki. Na kusa mayar wa masu shi in ce jabu ne. Malam Altine ne ya ɗaga kai wata rana ya ce, "Sani, abin ga da ka aza ma suna na rana, yaushe rabon shi da ganin rana?" Mota da akwati suna son inuwa, faranti yana son rana, sai a raba su da dogon kebur. Ki jingina shi yana fuskantar rana, ki juya shi in ta juya, ki goge ƙura da kashin tsuntsu da ɗanyen tsumma. Ko inuwar reshe ɗaya ta faɗa masa sai ƙarfinsa ya ragu. Kada kuma a jona shi da batir kai tsaye, sai ta cikin na'urarsa.

Ranar Lahadi Ardo ya kira ni. A waya, ki ji, wayar dai. Muryarsa ta tsufa, sai da na kanga kunne sosai. Bayan gaisuwa ya ce, "Kaɗo, an ce ɗiyata za ta zo da hwarin akwati."

Na ce, "Ita ce, Ardo."

Ina jin kukan maruƙa a bayansa. Sannan ya ce, "To ni tara shanu. Na aika ma dangi. Amma akwai jikanyar jar saniyag ga, mai hwarin goshi kamar kakatta. Tata ta. Ita za ta hwara soka ma allura gaban kowa. In tas soki tata, sauran su biyo."

Na ce na ji. Bayan ya kashe na daɗe zaune a nan riƙe da sitiyari. Tsoro nake ji, Uwata, kuma ina murna, ban san wanne ya fi yawa ba.

Don haka da safen nan, kafin ki kira saniyarki, ki buɗe akwati ki duba ma'aunin sanyinku, sannan ki sa hannu kamar yadda Malam Altine yake yi. In sanyi ya cije ki, ki yi bismilla. In kuwa Allah ya kawo tsautsayi kika ji ɗumi, ki rufe, ki je gaban Ardo ki faɗa masa da bakinki, ko shanun duniya ne suka taru. Kada kunya ta sa ki soka musu ruwa. Abin da Malam Altine ya yi ran nan shi ya sa har yau Ardo yake amsa sallamata.

Ina da roƙo ɗaya. In kun isa kun kashe mota, shanu sun fara shigowa, ki kira ni. Ba sai kin ce komai ba, na san bakinki irin nawa ne. Ki kanga wayar a jikin farin akwatin kawai, ki bar ta nan kaɗan. Zan gane ƙugin ko cikin kukan maruƙa. Amma ki cika wayarki tun daga Kalgo, kada in ji kin jona ta a batirin baya don ki kira ni.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ya sanyaya miki hanya, ya riƙe miki sanyin da kika ɗauka har inda za ki sauke shi, ya ba ki bakin faɗin gaskiya a inda ta yi nauyi. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mai sunanki. Ki gaishe min da Ardo da iyalinsa, ki shafa min goshin saniyar.

Ranar da za ku isa zan shigo jif tun da hantsi, wayata tana aljihun gaba, na kori kajin.

Naki,
Babanki Sani Direba.